Saiwar Kauci ta Ƙarshe

Dalilin da ya sa kauci ba shi da saiwa a ƙasa, sai dai ku hango shi maƙale a jikin wata bishiya kamar baƙon da ya zo kwana biyu ya ƙi tafiya, shi zan gaya muku yanzu, tunda kun dame ni da tambaya tun hantsi. Amma ku jawo tabarmar nan cikin inuwa, kowa ya ɗebi gyaɗa ya riƙa ɓarewa. Na gaji, bayana ya riƙe, kuma ba zan yi ta zuba ni kaɗai hannuwanku suna zaune ba. Wanda na ga bakinsa yana motsi alhali ba magana yake yi ba, na san inda gyaɗata ta tafi.

A zamanin da, kauci a ƙasa yake tsirowa kamar sabara ko geza. Guda ɗaya ne tak, a bakin wata fadama, kusa da gindin wata tsohuwar kaɗanya, can bayan wani ƙauye da ake kira Tudun Geza. Ganyensa ba ya maganin komai a lokacin, ko akuya ba ta kula shi. Saiwar ce abin nema, domin ita ce maganin gajiya. Mutum ya tauna ɗan guntu kamar ƙwayar wake, sai ya ji gajiya ta zame daga jikinsa, ko da kwana uku ya yi yana tafiya a ƙasa. Amma gajiyar ba ɓacewa take yi ba. Duk nisan inda aka tauna saiwar, kan kauci gajiyar take komawa, shi kuma ya riƙa sauke ta a hankali ta cikin sauran saiwoyinsa, ƙasa tana shanyewa.

Mace ɗaya ce ta san wurin, wata mai magani sunanta Barmani. A hannun gwaggonta ta gaji sana'ar, a hannunta kuma ta koyi yadda ake ɗibar saiwar. Ba a taɓa uwar saiwa, wadda ta yi ƙasa sosai. 'Yar ƙarama ake nema daga gefe, a yanki guda ɗaya, a mayar da ƙasa a rufe ramin, a tsiyaya ruwa daga gora. Sannan abin da ya fi duka muhimmanci, a zauna. Mai ɗiba zai zauna a gindin kaucin, ba ya komai, har inuwar kaɗanya ta gusa taki ɗaya, domin wanda aka yanka yana son a taya shi zama kafin a ɗora masa kaya. A cikin wannan zaman ne kauci yakan yi magana, ƙasa-ƙasa, wanda bai zauna ba kuwa ba zai taɓa sanin yana da baki ba.

Barmani ba ta taɓa tauna saiwar ba ko sau ɗaya. Gwaggonta ta ce mai bayarwa ba ya sha, kuma ko ba don haka ba, tana jin kunyar ta jibga wa kauci tata gajiyar bayan ta mutanen gari. Ga shi kuwa tana da ita da yawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Ya'ya biyar ta binne tun suna goye, ita da take ba 'ya'yan wasu magani suna tashi. Ta shida ce ta tsaya, aka sa mata suna Kyauta. A shekarar da nake ba ku labari Kyauta tana da cikin fari, kuma an yi magana da dangin mijinta cewa da kaka za ta dawo gida goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta. Tun da bazara Barmani ta je ta zaɓi wata saiwa mai kauri a gefen gabas, ta ɗaura mata zaren kaba, ta gaya wa kauci cewa wannan ta Kyauta ce, ta ranar naƙuda. Kauci ya ce ya ji.

To, akwai wani manomi a garin, Jatau, mutum mai ƙarfi da naci. Ba mugu ba ne, kada ku ce na ce mugu ne. Abu ɗaya ne ya shiga ransa, yana so ya noma dame dubu a shekara guda, a yi masa biki a naɗa shi sarkin noma. Sau biyu yana kusa, sau biyu ciyawa tana cin ƙarfinsa, domin 'yan gayya ba su kaiwa la'asar sai ka ga sun jingina da fartanya suna kallon rana. Da ruwan fari ya sauka, Jatau ya zo gidan Barmani ya durƙusa, ya ce a taimaka masa da saiwar da za ta ishi 'yan gayyarsa. Ta ce ba ta gayya ba ce, ta mai jinya ce da matafiyi da mace a kan gwiwa. Ya yi godiya ya tafi. Washegari ya dawo. Jibi ya sake dawowa, da ƙwaryar nono a hannu.

Kun san damina a wajen mai magani. Wannan zazzaɓi, wancan gudawa, wata ɗanta ya taka ƙaya ƙafa ta kumbura. Barmani takan fita jeji da sassafe, ta dawo ta daka, ta jiƙa, ta tace, kafin ta kai loma bakinta wani ya yi sallama. Duk sanda ta ɗaga kai kuma ga Jatau tsugune a ƙofar gida, yana jira. Kwana goma sha tara yana haka. A na ashirin ta same shi a wurin, ita kuwa ko zaninta ba ta iya ɗaurawa da kyau saboda gajiya, sai ta ji ba za ta iya sake cewa a'a ba. Ba kwaɗayi ya ja ta ba, ba tsoro ba, so take kawai ta buɗe ƙofa wata rana ba ta ga mutum ba.

Ta kwatanta masa wurin. Ta gaya masa duk yadda ake yi, ta maimaita har sau uku, ta ce kada ya taɓa uwar saiwa, kada ya taɓa wadda aka ɗaura wa zaren kaba.

"Zaman nan fa, Jatau," in ji ta. "Duk abin da za ka manta, kada ka manta da zaman."

"Haba Iya, zama ai shi ne mai sauƙin," in ji shi.

Ranar farko ya yi komai daidai, sai dai zaman. Ya zauna kam, amma idonsa yana kan hadari, zuciyarsa tana gona, inuwa ba ta gusa ko tafin hannu ba ya miƙe ya kakkaɓe wando. Ku ma kun ga ubanninku da damina, a ce manomi ya zauna rana tsaka ga ciyawa tana tsiro a gonarsa, ai gara a ce ya ɗauki jaki a ka. Ranar 'yan gayya suka tauna saiwa, suka yi noma tun safe har rana ta faɗi, makaɗi ma sai da ya roƙi a bari ya huta. Jatau ya ga abin da bai taɓa gani ba. Daga nan ya daina zuwa da kansa, ya riƙa tura waɗanda suka fi sauri. Su kuma suka fara barin gorar ruwa a gida, suna cewa ai damina ce, sama za ta ba shi. Da aka zo maimai, rufe rami ma ya zama ɓata lokaci. Wanda ya je don saiwa ɗaya sai ya dawo da uku, ɗaya ta gayya, biyu na gonarsa. Wani ya tarar ƙananan sun yi wuyar samu, ya zurfafa dagi, ya datse uwar saiwar.

Duk wannan Barmani ba ta sani ba. Ta sha cewa gobe za ta leƙa fadama, goben ta zo da mai ciwonta. Da ta ga mutanen gari suna tafe kamar 'yan maruƙa, tsofaffi ma suna tsallake kunyar gona da gudu, gabanta yakan faɗi, sai ta ce wa kanta ai ta gaya masa sau uku.

Kaka ta yi, gero ya nuna, Kyauta ta dawo gida da tsohon ciki. Ranar da Jatau ya tara gayyar girbi, wadda za a san ko ya kai dubu ko bai kai ba, ranar ce ta uku da Kyauta ta fara naƙuda. Ungozoma ta yi iyakar abin da ta sani. Barmani ta ba da duk jiƙon da ake bayarwa. Ɗa yana nan da rai, yana kan hanya, amma uwar ta ƙare. Ba ta ko nishi kuma, an riƙe ta a durƙushe kanta yana lilo. Ungozoma ta ja Barmani gefe ta ce mata in ba a samo wa yarinyar nan ƙarfin yunƙuri ba kafin azahar, to a fara haƙuri.

Barmani ta ɗauki dagi da wuƙa da gora ta kama hanyar fadama. Tun daga nesa ta ga abin da ya tsinka mata zuciya. Gindin kauci duk ramuka ne, a buɗe, wasu ruwa ya kwanta a ciki ya bushe. Shi kansa ya kwanta ta gefe ɗaya, rassansa sun zube a ƙasa, ganyen ya yi laushi. Ta durƙusa ta tona da hannu. Saiwa ɗaya ce ta rage a jikinsa, mai zaren kaba. Ko su da rashin hankalinsu sun ji nauyin wannan zaren.

Ta zaro wuƙa. Sai ta mayar, ta zauna. Ku tuna fa 'yarta tana can tsakanin rai da mutuwa, rana tana hawa, amma ta zauna, tana kallon inuwar kaɗanya tana jan ciki kamar ba za ta gusa ba. Ni kam da ni ce, ban san ko zan iya ba. Sai da inuwar ta kusa cika taki sannan ta ji muryar kauci, da ƙyar take fita.

"Barmani, kin daɗe."

"Na daɗe," in ji ta. "Ni na turo su. Ba ni da bakin ba ka haƙuri."

Kauci bai yi mata faɗa ba, ba shi da ƙarfin faɗa. Ya gaya mata cewa gajiyar garin duka tun daga noman fari tana kansa, ta maza arba'in da ta matansu da suka fara tauna don surfe da daka, kuma da wannan saiwa ɗaya yake ta ƙoƙarin sauke ta, kamar mai kwashe rijiya da ludayi. Ya ce bai taɓa sanin akwai gajiya irin wannan ba. Sannan ya tambaye ta Kyauta, ta gaya masa.

Kauci ya saurare ta har ta gama. Can ya ce saiwar ta Kyauta ce, an riga an yi magana tun bazara, ta yanka. Amma ta san abu biyu. In ta yanka ta bar shi kwance a nan, kafin magariba ya bushe, ba za a ƙara yin kauci a duniya ba. Na biyu kuma, da zarar an raba shi da ƙasa, ba shi da inda zai sauke kayan kowa. Duk gajiyar da ke kansa za ta koma wa masu ita. Kyauta za ta tauna, gajiyarta ta fita, ta nemi wurin zuwa ta rasa, ta dawo mata nan take, sai fa in akwai wanda ya yarda ya karɓa.

"Wanda ya karɓa, yaushe zai sauke?" in ji Barmani.

"Ba shi da saiwa," in ji kauci. "Ba zai sauke ba."

Barmani ta dubi hannuwanta. Shekara arba'in tana ɗauke da tata gajiyar ba ta taɓa ba kowa ba, yanzu kuma a ƙara mata ta naƙudar kwana uku, har ƙarshen ranta. Ta ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Amma ba ta daɗe tana tunani ba. Ta ce ta karɓa.

Saura shi. Ta ɗaga kai ta dubi kaɗanya, wadda duk abin nan a gabanta aka yi, ta roƙe ta ta riƙe kauci a jikinta, ta sam masa ruwa da abinci daga nata saiwoyin. Kaɗanya tsohuwa ce mai mita. Ta ce ita ma ba hutawa take yi ba, ana jifanta don 'ya'ya, ana sassaƙarta don magani, yanzu kuma a liƙa mata baƙo. Barmani ta ci gaba da kallonta. Kaɗanya ta gama mitarta, ta ce a kawo shi, amma da sharaɗi. Tunda abincinta zai ci, maganinta zai riƙa bayarwa, ba nasa na da ba, domin ba za ta yarda a riƙa turo mata gajiyar gari ta hanyarsa ba. Kauci ya ce ko ba ta faɗa ba, shi da ɗaukar gajiyar wani har abada. Ya ƙara da cewa kada a sake bari ya taɓa ƙasa, domin ƙasa ta saba shanye duk abin da ya ɗauko, in ya taɓa ta za ta shanye maganin da aka sam masa.

Barmani ta sa wuƙa ta yanke saiwar. Ta tallabi kauci, ga shi ba nauyi kamar busasshen kara, ta taka wani kututture, ta tsaga ɓawon reshen kaɗanya ta cusa gindinsa, ta ɗaure da zaren kabar nan. Ta tsiyaya masa ruwan gora. Ta mayar da ƙasa ta rufe ramin ƙarshe, ko da yake ba sauran abin da za a rufe wa.

Hanyar gida ta gefen gonar Jatau ta bi. Ba kiɗa, ba kirari. Maza arba'in suna zube cikin gero, wani a zaune, wani a kwance rungume da magirbinsa, gajiyar damina guda ta sauko musu a lokaci ɗaya. Jatau yana jingine da dame, ya ɗaga ido ya gan ta. Ita kuwa ba ta tsaya ba. An ce kwana bakwai suka yi ba wanda ya iya ɗaga lauje, tsuntsaye da gara suka yi ta biki a gonar, kuma Jatau bai kai dubu ba, a shekarar ko a wata.

Rana tana tsaka Barmani ta shiga ɗaki. Ta tauna saiwar a bakinta don ta yi laushi, ta tofa a tafin hannu ba ta haɗiye ko ɗigo ba, ta sa wa Kyauta a baki. Sannan ta zauna a bayanta ta rungume ta. Ba a jima ba Kyauta ta buɗe ido.

"Inna, na ji sauƙi," in ji ta. "Me kika ba ni?"

"Yi yunƙuri," in ji Barmani.

Ta yi yunƙuri uku, ta sauka lafiya, ɗa namiji. Ungozoma ta rangaɗa guɗa, ta yanke cibiya, ta juyo ta miƙa wa kaka jikanta. Barmani ta miƙa hannu, hannun ya ƙi ɗaguwa. Sai da aka ɗora mata jaririn a cinya. Ta dube shi ta yi murmushi, ta ce yana da nauyi.

Ta yi shekara tara bayan wannan, amma ba ta ƙara shiga jeji ba. Ta kwana ta tashi da gajiya, ta wuni da ita, tafiya daga ɗaki zuwa bakin murhu sai ta huta sau biyu. Daga zaune ta koya wa Kyauta sana'ar, ganye bayan ganye. Kyauta ba ta san abin da ya faru ba sai a shekarar ƙarshe, ranar da ta matsa wa uwarta da tambaya. Ta yi kuka sosai, ta ce a mayar mata da kayanta. Barmani ta ce ba a mayarwa, kuma ko ana mayarwa ba za ta bayar ba, sannan ta ce wa Kyauta ta tashi ta duba tuwo kada ya kama.

Shi kuwa kauci ya kama jikin kaɗanya ya rayu. Ya yi fure ja, ya yi 'ya'ya masu danƙo, tsuntsaye suka ci suka goge baki a rassan tsamiya da ɗorawa da gawo, ya tsiro a can ma, kowace bishiya da irin sharaɗin da kaɗanya ta yi. Amma bai ƙara miƙewa tsaye ba, ku duba shi can sama, rassansa a sake suke kamar hannun wanda ya wuni yana daka.

Shi ya sa har yau kauci ba ya sauka ƙasa, kuma in kun ji masu magani suna cewa kaucin kaɗanya daban, kaucin tsamiya daban, ba iyayi ba ne, kowanne maganin mai masaukinsa yake bayarwa. Shi ya sa kuma mai ɗibarsa yakan shimfiɗa zani ko ya tara ƙwarya, ba ya bari ya faɗi a ƙasa. Maganin gajiya kuwa tun daga ranar ya ƙare a duniya. Duk wanda ya ce muku yana da shi a cikin kwalba, ku gaishe shi ku wuce. Abin da ya rage mana biyu ne, ko mutum ya kwanta ya huta, ko wani da yake ƙaunarsa ya karɓar masa aikin.

Ni kuma ga shi na gama labari, gyaɗa ko rabi ba ku ɓare ba. Ku tashi ku yi wasanku. Ku miƙo min ƙwaryar, zan ƙarasa.